Mariƙin Durowar Inna

A ɗakin Inna, tsakanin gado da taga, akwai durowar da ta girme mu duka. Tana cikin kayan ɗakin da aka kawo Inna da su gidan nan, kuma ita kaɗai ta rage. Gadon ƙarfe mai rumfa ya tafi, kwabar da ake jera samira da tasoshi ta tafi, ita kuwa tana nan inda aka girke ta. Katakon maɗaci ne, ja mai duhu, da nauyin da sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin ta gusa. Aljihu biyar gare ta, ƙanana biyu a sama kafaɗa da kafaɗa, manya uku a ƙasansu. Kowane ƙarami mariƙi ɗaya, kowane babba biyu, takwas ke nan, duk na tagulla masu lilo, waɗanda in ka saka sukan koma su bugi faifansu su ce ƙyal. Muna yara, da wannan ƙarar muke gane Inna ta buɗe aljihun da take ɓoye dabino da alewa, ko muna zaure sai mun sheƙo.

Mariƙan sun lalace ne da kaɗan-kaɗan, shi ya sa babu mai iya cewa ga ranar da abin ya fara. Na hagu a aljihun tsakiya shi ya soma girgiɗi kamar haƙorin yaro mai famfara. Ya shekara a haka. Kowa ya ja ya ji, kowa ya ce a samo sukundireba, ba wanda ya samo. Ran nan ya biyo hannun wata jikar Inna ɗungurungum. Aka kafa ƙusa a gurbinsa aka lanƙwasa kanta, ƙusar ta yaga wa Inna zane har sau biyu, aka zare ta aka zura igiya ta hudojin aka ƙulle ta ciki. A aljihun ƙasa abin ya fi haka. Mariƙin dama ya karye a wata damina, aka ci gaba da ja da na hagu shi kaɗai, shi ma bai ga damina ta biyu ba. Daga nan sai wuƙa: a cusa bakinta a tsagar sama a ɓanɓaro, har leɓen katakon ya cika da tabo kamar ɓera ya gaigaya. Da wuƙar ma ta daina ci, sai aka ƙyale aljihun a rufe. Shekara biyu ba a buɗe shi ba.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan zo gaida Inna, in zauna a kan darduma daf da durowar nan, wani lokaci har in jingina da ita. Idona ya saba da igiyar, ya saba da tabon, har ya daina ganinsu.

Wata Juma'a cikin watan Agusta, ruwa ya ɗauke ke nan, Inna ta idar da addu'arta ta shafa, sai ta nuna aljihun ƙasa da carbin da ke hannunta.

"Ɗan nan, ina so wancan ya riƙa buɗuwa."

Na ce, "To Inna, in sha Allahu za a duba. Akwai abin da kike nema a ciki ne?"

"Likkafanina ne a ciki, wanda na zo da shi daga Makka. Ba na so ranar ta zo ku tsaya neman wuƙa, mutane na jira a zaure. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ta faɗi haka ne da muryar da take cewa a sayo mata goro. Ni kuwa sai da ƙirjina ya yi nauyi. Na san da farin yadin nan. Na tuna shekarar da ta dawo da shi a ƙasan jakarta, an jiƙa shi da ruwan zamzam an shanya tun a can. Abin da ya kwanta mini shi ne yana cikin aljihun da ba ya buɗuwa.

Washegari na nufi Ƙofar Ruwa. Duk wanda ya san Kano ya san in dai ƙarfe ne ko kayan gini, daga rodi da kwanon rufi har kwaɗo da sakata, can ake dosa. Na tarar da shagon da mariƙai ke jere a jikin allo, 'yan kasuwar suna ce musu handul. Wasu farare kamar azurfa, wasu ruwan gwal, wasu baƙaƙe dogaye irin na kicin ɗin zamani. Na zaɓi takwas masu ruwan gwal, don a raina gara a sauya duka su zama bai ɗaya. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wane sayiz?" Na ware babban yatsa da manuni na ce kamar haka. Ya naɗe mini su a leda.

Da na dawo na ɗora sabon a kan tsofaffin hudoji, ƙafa ɗaya ta zauna, ɗayar ta zarce hudarta da kusan faɗin yatsa. Na gwada a kowane aljihu, labarin ɗaya ne. Na ari rular 'yan makaranta na auna daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar huda. A jikin durowa milimita 76, a jikin sabon mariƙi 96.

Wannan ratar ta milimita 20 tana da asali. Kafintan da ya yi durowar Inna da inci ya yi awonsa, inci 3 cif tsakanin hudojin, inci guda kuwa milimita 25.4 ne. Zamanin fam da sule ke nan. A ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta koma naira da kwabo, kuma a cikin waɗannan shekarun ne awon hukuma ya bar inci da yadi da mil ya koma mita. Kafintocinmu dai har gobe da inci da ƙafa suke magana, tubaifo suke saye, ƙusa 'yar inci uku suke aike a sayo. Kayan da ake shigowa da su kuwa wani lissafi suke bi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun kayan ɗaki na Turai sun daidaita injinansu a kan huda katako da tazarar milimita 32, masu ƙera mariƙai suka bi sahu, shi ya sa yawancin abin da za ka tarar a kasuwa yau ninkin 32 ne: 64, 96, 128, 160. Duk wanda zai sayi mariƙi, ya kwance tsoho guda ya jefa a aljihun rigarsa ya tafi da shi. In babu tsohon, ya ɗora takarda a kan hudojin ya huda ta da tsinke ya tafi da takardar. Yatsu ba sa riƙe awo daga gida zuwa kasuwa.

Inna ta ce a kira wani tsohon kafinta da ke bayan layinmu, wanda ya daɗe yana gyara mana ƙofofi. Ya zo bayan la'asar da jakar kayan aikinsa a rataye, ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya gaida Inna daga bakin ƙofa. Na miƙa masa ledar ina ta ba shi labarin hudoji. Ya karɓa ya ajiye gefe, bai ko kwance ta ba. Ya tsuguna gaban durowar, ya kama igiyar aljihun tsakiya ya ja a hankali yana kasa kunne, ya mayar, ya sake ja.

"Malam, wa ya ce maka mariƙi ne ba shi da lafiya?"

Na ce, "Baba, ai ga shi nan a karye."

"A karye yake, na gani. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Ko na zinariya ka sa masa, in ba a gyara abin da ya karya wancan ba, kafin damina ta zagayo sai ka sake kirana."

Ya zare aljihun tsakiya gaba ɗaya ya ajiye a ƙasa. Ya zura hannu ta gurbinsa ya riƙa bubbuga fuskar aljihun ƙasa ta ciki da tafin hannu, dama, hagu, dama, hagu. Aljihun ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofar zaure, ya turo baki waje. Abin da wuƙa ta kasa shekara biyu, bai ɗauke shi tsawon alwala ba. Wani ƙamshin tsohon turare da kafur ya cika ɗakin. Inna ta sauko daga gado da kanta, ta ɗauki farin ƙunshin da hannu biyu ta ɗora a kan matashinta, sannan ta ce mu kwashe sauran. Sauran kuwa da yawa: turamen atamfa da ba a ɗinka ba, da farantan tangaran jere guda da wani ya cusa a wurin tun bikin autarmu, da tsofaffin littattafan mahaifinmu.

Baba kafinta ya kifa aljihun ya ce in matso. Ya ɗora yatsana a kan ƙasan katakon gefe, wurin da yake zamewa. Na ji ya cinye ya yi kwari kamar dutsen niƙa. Sandunan da aljihun ke tafiya a kansu su ma sun zaizaye, kowanne da kwarminsa. Katakon gindi ya lotsa saboda nauyi har yana gogar sandar da ke ƙarƙashinsa. Ya kuma nuna mini wurare biyu a gefe da suke sheƙi kamar an shafa musu mai, ya ce nan ne yake cijewa.

"Itace ko an sare shi bai daina shan ruwa ba," in ji shi. Duk wanda ke da ƙofar katako ya san gaskiyar wannan. A watan Agusta, lokacin da gishiri ke jiƙewa a kwano ashana ta ƙi kamawa, katako yakan zuƙi laimar iska ya kumbura, kuma ta faɗinsa yake kumbura, tsawonsa kusan ba ya motsi. In hunturu ya shigo, leɓe na tsagewa ƙafa na faso, sai ya amayar da abin da ya sha ya tsuke. Shekara da shekaru durowar Inna tana wannan numfashi. Aljihun da ya riga ya cinye, ga nauyi ya danne shi, in ya ƙara da kumburin damina sai ya cije. Hannun da ya zo buɗewa kuwa bai san komai ba sai ƙara ƙarfi. Duk ƙarfin nan a kan noti biyu yake sauka, kowanne bai kai kaurin fensir ba. Noti ya ci gefen hudarsa, huda ta buɗe, mariƙi ya soma girgiɗi, daga nan kowane ja ƙarin ɓarna ne.

Sai ya yi mini bayanin abin da ya fi tsaya mini a rai. Ya ce aljihu mai faɗi an yi masa mariƙi biyu ne don a ja shi daidai. Ranar da ɗaya ya tafi aka ci gaba da jan ɗayan, aljihun a karkace yake fitowa, kusurwarsa ta soki bango ta ciki ta kafe. Wanda ya rage yana ɗauke da rabonsa, da rabon ɗan'uwansa, da kuma ƙarin nauyin karkatar. "Shi ya sa na biyun ba ya daɗewa," in ji shi. "Ka ga na farko ya yi fiye da shekara talatin yana aiki. Na biyun, daga ranar da aka bar shi shi kaɗai, shekara guda ya yi."

Aikin da ya yi a ranar, kusan duk a inda ido ba ya gani ya yi shi. Ya fere siraran katako ya manna da gam a kan wuraren da suka zaizaye. Ya kafa sanda a ƙarƙashin gindin da ya lotsa. Ya ɗauki samfefa ya goge wuraren nan biyu masu sheƙi, kaɗan ƙwarai, har na ce ya ƙara. Ya girgiza kai ya ce damina ake ciki, in ya ci katakon yadda nake so, hunturu na zuwa aljihun zai riƙa kwaramniya a gurbinsa. Ya aiki yaro ya sayo kyandir, ya goga shi a duk inda katako ke haɗuwa da katako. Ya ce busasshen sabulu ma yana yi, amma kada a kuskura a sa man gyaɗa ko baƙin mai, ƙura za su tara su kuma ɓata tufafi.

Yana cikin haka ya tambaya ko jikoki na wasa a ɗakin. Ya ce yaro in aljihu ya ƙi buɗuwa da jikinsa duka yake ja, in kuma ya buɗu sai ya mayar da shi matakala. Maganarsa ta tuna mini labarin da aka yi a 2016, lokacin da kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rufto a kan ƙananan yara sun yi ajalinsu. Ta Inna mai nauyi ce, ba ta faɗuwa da wasa, amma in ta faɗo ba ta da sauƙi. Muka yarda a ɗaure bayanta da bango.

Sai a lokacin ya kwance ledata. Ya ɗauki mariƙi guda ya jinjina a tafin hannu, ya juya bayansa ya karta da ƙusa. Ruwan gwal ɗin ya tashi, abu mai launin toka ya bayyana. Ya ce wannan narkakken ƙarfen tutiya ne da aka zuba a mazubi aka yi masa wanka, in ya ji wuya ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. Ya karci bayan tsohon mariƙin Inna, wanda ya yi baƙi ƙirin da daɗewa, sai ga rawaya tas, ciki da waje abu ɗaya. Tagulla ce, gamin jan ƙarfe da tutiya, wadda maƙeran Bida suka yi suna wajen sarrafawa. Bai kushe sababbin ba. Ya ce suna da wurinsu, a aljihun da ba ya ɗaukar komai sai carbi da katin asibiti za su yi shekaru lafiya. Shawararsa ita ce a kwance tsofaffin biyu na sama a sauko da su inda nauyi yake, sababbin su hau sama. Muka ƙirga tsofaffin da suka rage, biyar, ana bukatar shida.

Inna ba ta ce komai ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani gwangwanin alewa da ya yi tsatsa, ta tona cikin maɓallai da allurai da tsofaffin makullai, ta fito da mariƙin nan da ya biyo hannun jikarta shekarun baya. Lafiyarsa ƙalau, notinsa kawai ya ɓata.

Ta sa aka kawo lemon tsami da toka, ta zaunar da jikar nan dai a bakin ƙofa ta nuna mata yadda ake yi. Yarinyar ta riƙa murza rabin lemo a toka tana dirzawa, baƙin na sauka a yatsunta, tagullar na fitowa sannu a hankali. Shi kuwa Baba ya fere 'yan turaku daga guntun maɗaci, ya tsoma su a gam ya toshe duk hudojin da suka buɗe, har da na ƙananan aljihunan sama, ya ce a bar su su kwana. Gobe zai huda sababbi a cikin katako mai ƙwari.

Da magariba aljihunan na jere a barandar Inna, durowar na tsaye da ramuka biyar, sai ga Yaya ta shigo. Daga makarantar da take koyarwa ta biya kemis ta karɓo wa Inna maganin hawan jini, daga nan ta biya gidan ƙanenmu da matarsa ta yi yaji. Ta gaida Inna, ta ajiye maganin, ta zauna a bakin gado ta cire takalmi tana murza ƙafa. Wayarta ta yi ƙara sau uku kafin a kira isha'i. Ina zaune ina kallonta, maganar kafinta na ta dawo mini.

Yaya ce 'yar fari. Da mahaifinmu ya rasu, ita da wanmu mai bi mata suka riƙe gidan. Bayan 'yan shekaru aiki ya ɗauke shi zuwa Legas, aka bar ta. Tun daga lokacin duk mai son wani abu a gidanmu ta wurinta yake bi. Kuɗin makarantar marayun 'yar'uwarmu, Yaya. Ranar asibitin Inna, Yaya. Gudunmawar biki, rabon naman suna, bikon matar da ta yi yaji, Yaya. Ni ma da nake ganin ina ƙoƙari, ƙoƙarin nawa shi ne in tura kuɗi in buga waya in ce, "Yaya, don Allah ki duba." Ban taɓa lissafa wannan a cikin ja ba, alhali ja ne.

Bara ta soma girgiɗi, kuma duk mun ji. Ta fara saurin fushi. Takan kashe waya yini guda. An yi taron dangi ba ta zo ba. Muka ce Yaya ta canza, Yaya ta fiye faɗa, girma ya fara kama ta. Har wani a cikinmu ya kawo shawarar a karɓi asusun gida daga hannunta a ba wani mai jini a jika. Babu wanda ya kifa aljihun ya duba ƙasansa. Da mun duba da mun ga gadon gida da aka ƙi rabawa shekara da shekaru saboda kowa na jin nauyin tayar da maganar. Da mun ga 'yan'uwa biyu da ba sa ga-maciji, waɗanda duk saƙon da zai wuce tsakaninsu sai ta ɗauka. Da mun ga karo-karon wata da rabinmu ba ma biya a kan lokaci, tana cikawa daga albashin malamar firamare ba ta faɗa ba. Gidan ne ya cije, mu kuma muna ƙara ƙarfi a kanta.

Na yi imani babu gidan da ba shi da irin wannan mutum, haka ma'aikata, haka masallacin unguwa. Shi ne wanda hannu ke fara sauka a kansa: uwargidan da kowa ke kai wa ƙara, kawun da ake tasa tsakar dare ya je sulhu, ma'aikaciyar jinya da ke bakin taga tana shan zagin layin da ba ita ta tsara shi ba, mai unguwar da ke tsakanin talakawa da hukuma. In al'amura na tafiya sumul ba a ma lura da shi. In suka cije, a jikinsa ake jin taurin, don haka shi ake ɗora wa laifi, shi ake cewa a sauya. A kawo sabo mai sheƙi, wanda sau da yawa ko hudojin wurin bai dace da su ba, a ɗaura shi a kan matsalar da ba a taɓa ba, a zauna jiran ya yi abin da na da ya kasa. Ban ce kowane mariƙi nagari ne ba. Akwai wanda tun asali wankan gwal ne a kan tutiya, ja ɗaya ya ɓalle. Amma wanda ya yi shekara talatin yana buɗe maka aljihu lafiya, in ya fara girgiɗi, ya cancanci a tsuguna a saurara kafin a yanke masa hukunci. Ƙarfe ma sai da ya shekara yana ba mu sanarwa, balle mutum mai jini da tsoka, wanda kunya da zumunci ke hana shi cewa ya gaji.

Da ta tashi tafiya na raka ta bakin titi neman adaidaita sahu. Muna tafe muna tsallake kwatami, na ce, "Yaya, nawa kike cikawa a asusun nan duk wata?"

Ta ce, "Kai dai bari kawai."

Muka yi 'yar tafiya shiru. Can ta ce, "Kuɗin ba su dame ni ba, Allah na rufa asiri. Kiran ne. Kowa ni yake kira. Ko rasuwa aka yi a dangi, ni ake bugo wa a ce in san yadda zan faɗa wa Inna. Ni ba a taɓa zaunar da ni an faɗa mini mutuwa a hankali ba."

Ban sami abin cewa ba. Na tsayar mata da adaidaita, na biya, na tsaya har fitilarsa ta sha kwana. A daren na kira wanmu na Legas muka daɗe muna magana. Ranakun asibitin Inna sun dawo wuyana tun daga makon. Karo-karo an mayar da shi hannun mutum biyu, kuma wanda bai biya ba ni nake kiransa. Maganar gado har yanzu tana nan ba a gama ba, an dai zauna sau biyu, 'yan'uwan nan biyu sun gaisa a zama na biyun.

Washegarin daren da na raka Yaya, da hantsi, Baba kafinta ya dawo. Ya yanke kan turakun ya goge su daidai da fuskar katako, ya auna, ya sa alama da fensir, ya huda. A manyan aljihunan inci 3 kamar yadda suke tun asali. A ƙananan na sama ya matsa milimita 10 ta kowane gefe don sababbin su zauna a tsakiya. Kowane noti sai da ya sa masa washa ta ciki, don ƙarfin ja ya bazu a kan katako maimakon ya taru a bakin huda. Da hannu ya ɗaure su, a hankali, in ya ji noti ya zauna sai ya ƙara ɗan juyi kaɗan ya tsaya. Ya ce ɗaurin ganganci murƙushe katako yake yi. Ya miƙo mini guntun kyandir ɗin da ya rage, ya ce in ajiye shi a aljihun sama tare da sukundireba, duk shigowar hunturu in bi notunan ɗaya bayan ɗaya, don lokacin ne katako ke tsukewa su saki. Tabon wuƙa kuwa ya ce a bar shi, in ya ce zai goge sai ya ci leɓen aljihun. Sababbin mariƙai shida da suka rage na mayar wa mai shago, ya karɓa ba gardama.

Bayan ya tafi Inna ta sauko ta zauna a kan darduma gaban durowar. Ta sa yatsa bibbiyu a mariƙan aljihun ƙasa ta ja, ya biyo ta shiru kamar an zuba masa ruwa. Ta saki, suka koma suka ce ƙyal. Ta shimfiɗa tsohon ɗankwali a ciki, ta warware farin yadin ta kaɗe shi, ta sake ninkewa a kan tsohon ninkinsa, ta sa ƙwayar kafur biyu a kusurwa. Ta ce atamfofin a raba wa jikoki, farantan a kai kicin, kada a ƙara sa komai a wurin.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, kunyar 'yar fari. Ban taɓa jin ta yabe ta a gaban mutane ba, ko sannu ba ta cika yi mata ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Ka ga inda yake ko?"

"Na gani, Inna. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana."

"Amin. Ranar, kai za ka buɗe ka ɗauko. Kai za ka yi wa mutane waya. Ita waccan kada wanda ya aike ta ko'ina, a bar ta ta zauna a ɗakin nan ta yi kukanta."

Ta kama mariƙan biyu, dama da hagu, ta tura aljihun ya koma.